Yadda Ake Yi Wa Faifan Birkin Mota Fenti Don Kare Shi Daga Tsatsa

Motocin yanzu suna zuwa da wili mai manyan tagogi, duk abin da ke bayan taya a fili yake. Sai ka ga an wanke mota tas, jikinta yana ɗaukar ido, amma da ka leƙa ta tsakanin ƙarafan wilin sai ka hango jar tsatsa ta mamaye tsakiyar faifan birki da bakinsa. Wannan abu yana da magani, kuma mutum zai iya yi da hannunsa idan yana da ɗan sanin kwance taya da ɗaura ta. Sai dai birki ba wurin ganganci ba ne. Fentin kansa aikin minti talatin ne. Abin da ke cin lokaci, kuma shi ne ainihin aikin, shi ne goge tsatsa da rufe wuraren da bai halatta fenti ya taɓa ba.

Me ya sa faifan ke tsatsa da wuri haka?

Kusan duk faifan birkin motocin yau da kullum da ƙarfen zubi ake yin sa. An zaɓe shi ne saboda yana shan zafi ba tare da ya lanƙwashe ba, yana kuma jure gogayya. Aibinsa ɗaya: ba ya shiri da danshi. Ruwan sama ya taɓa shi, ko ruwan wanki, ko raɓar dare, kafin gari ya waye ya yi ja. A wuraren da ke gaɓar teku, da ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, abin ya fi muni. Motocin lantarki da masu haɗa fetur da lantarki su ma suna fama da shi, domin injinsu ne ke rage musu gudu a mafi yawan lokaci, faifan ya daɗe ba a matse shi da ƙarfi ba.

Tsatsar da ke fitowa a fuskar da takalman birki ke gogewa ba abin damuwa ba ce. Ka taka birki sau uku ko huɗu, ta tafi. Wadda ke zama daram ita ce ta wuraren da takalmin ba ya kaiwa: tudun tsakiya da ya taso, wanda ake kira hula, da bakin faifan na waje, da ramukan iskar da ke tsakanin fuskokinsa biyu. A nan ne tsatsa ke taruwa shekara da shekaru, ta yi ɓawo, ta riƙa kumbura tana cin gefen fuskar birkin a hankali, wani lokaci har ta manne faifan da hob, wato ƙarfen da kusoshin taya ke fitowa daga jikinsa. Waɗannan wurare ne kaɗai ake yi wa fenti.

Wuraren da fenti ba zai taɓa ba

Ka karanta wannan sashe sau biyu kafin ka ɗauki sifana, domin a nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Na farko, fuskokin gogayya, gaba da baya. Akwai masu cewa a fesa faifan gaba ɗaya, takalmin birki zai kankare abin da ya hau fuskar. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gaskiya ne akwai sababbin fayafai da ke fitowa daga masana'anta an lulluɓe su duka da siririn rufi na zinki da alminiyam, irin wanda ake kira Geomet, kuma takalmi na goge shi a tafiyar farko. Amma wannan rufi an ƙera shi ne musamman don haka. Fentin gwangwani idan ya ji zafi laushi yake yi, ya danƙare a fuskar takalmin, ya rage masa kamu. Mai motar ba zai gane ba sai ranar da yaro ya tsallako titi.

Na biyu, cikin hular ta baya, inda faifan ke kwanciya a kan hob. Dole ƙarfe ya haɗu da ƙarfe a nan, babu komai a tsakani. Yawancin masu ƙera motoci ba sa yarda faifan ya yi layi fiye da kimanin milimita 0.05 idan yana juyawa, wato kusan kaurin silin gashi guda. Ɗigon fenti ɗaya da ya bushe a gefe guda ya isa ya karkatar da shi fiye da haka. Ba za ka ji komai a makon farko ba. Sai bayan an ci dubban kilomitoci, takalmi ya riƙa taɓa wuri ɗaya a kowane zagaye, kaurin faifan ya bambanta, sannan ka fara jin birki yana bugun ƙafarka, sitiyari yana rawa. Daga nan a ce faifai ya lanƙwashe, alhali datti ko fenti ne a bayansa tun ranar da aka ɗaura.

Na uku, da'irar da wili ke dannewa a fuskar hular ta gaba. Fenti mai kauri a nan yana laushi da zafi, ya matse, ƙarfin ɗaurin notocin ya ragu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Taya da ta kwance a kan hanya ba ƙaramin bala'i ba ce.

Sai kuma wani wuri da mutane ke mantawa da shi. A motoci da yawa, birkin hannu yana aiki ne da ƙananan takalma da ke ɓoye a cikin hular faifan baya, suna kama bangonta ta ciki. Wannan bango shi ma fuskar gogayya ce, a bar shi yadda yake. Haka zaren kusoshin taya, da na'urar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, da wayarta, da robobin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a kan faifan.

Kayan aiki

Kana buƙatar jak, da madogarin ƙarfe aƙalla biyu, da waigi, da sifanar taya, da sauran sifanonin da za su kwance kalifa, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Sai burushin waya, na hannu ko wanda ake ɗaurawa a injin huda ƙarfe, da sanfefa mai lamba 120 da mai lamba 220, da gwangwani biyu na ruwan wanke birki, da tsummoki masu tsabta, da salatif na takarda irin na masu fentin mota, da reza, da kwali, da 'yar waya mai ƙarfi ta rataye kalifa. Don jikinka kuma safar hannu, tabarau na kariya, da takunkumin da ke tare ƙura da tururin fenti.

Batun fenti kuwa sai an tsaya. A tuƙi na yau da kullum faifan birki kan kai digiri 100 zuwa 300 a ma'aunin Selshiyas, idan kuma ana gangarowa daga dutse da kaya ko an yi ta taka birki da ƙarfi, fuskarsa na iya haura 500. Hular ba ta kai fuskar zafi ba, amma duk da haka fentin ƙofa ko na jikin mota ba zai kai labari ba. Zai yi ƙuraje, ya ƙone, ya zube. Nemi fentin da aka yi domin kalifa ko domin ƙarfe mai zafi, ka duba jikin gwangwanin ka ga adadin zafin da yake ɗauka. Fentin kalifa na kamfanin VHT, alal misali, an rubuta yana jure kimanin digiri 480. Rust-Oleum da Dupli-Color su ma suna da nasu. Idan gwangwanin ya ce a fara da fentin shimfiɗa, to shimfiɗar ma ta zama mai jure zafi ce, in ba haka ba ita za ta fara sakin ƙarfen ta tafi da na samanta.

A ganina baƙi marar ƙyalli sosai ko ruwan azurfa su suka fi dacewa. Baƙi yana ɓacewa a bayan wili ya bar kalifa da wilin su fito, ruwan azurfa kuma yana sa faifan ya yi kama da sabo. Ja da ruwan ɗorawa suna da kyau ranar farko, amma ƙurar birki baƙa ce, ba ta daɗewa take dusashe su.

Ɗaga mota da cire faifan

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ƙasa mai tauri, inda iska ke wucewa, nesa da wuta. Ka bari birkin ya huce sarai. Saka giya ta ɗaya, ko P idan mai canza giya da kanta ce, ka sa waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa. Idan fayafan baya za ka cire, dole a saki birkin hannu, saboda haka waigin gaba ya zama mai kyau. Motar da birkin hannunta na lantarki ne tana da tsarin da ake saka ta kafin a taɓa kalifar baya. Duba littafin motar, kada ka yi da ka.

Sassauta notocin taya kaɗan tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka zaunar da motar a kan madogarin ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai. Kada hannunka ko kanka ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na daƙiƙa biyar ne.

Da ka cire tayar, ɗauki hoton komai da wayarka, zai yi maka amfani wajen mayarwa. Sannan ka yi alama da alli ko maka a kan kusa ɗaya da ramin da ta fito ta cikinsa, don faifan ya koma daidai yadda ya zauna a da. Kwance kusoshin kalifa, ka zare ta a hankali, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana reto a tiyon man birki. Tiyon na iya lalacewa ta ciki ba ka gani ba. Daga wannan lokaci kada kowa ya taka birki har sai an mayar da komai, in ba haka ba fistin da ke cikin kalifar zai fito waje. Cire takalman ka ajiye su nesa da wurin feshi, fuskarsu a sama, ka tuna wanne ne na ciki wanne ne na waje. Sai ka kwance ƙarfen da ke riƙe da kalifar, wanda kusoshinsa biyu kan yi tauri sosai.

Wasu fayafan akwai ɗan sukuru ɗaya ko biyu da ke riƙe da su. Yakan ƙi fita, kuma kansa na saurin lalacewa, don haka sukundireba irin wadda ake bugawa da guduma ta fi. Idan faifan ya manne da hob, buga hular da gudumar roba a tsakanin kusoshi, kana juya shi. Motocin Japan da yawa, irin su Toyota da Honda, suna da ramuka biyu masu zare a fuskar hular. Ka ɗaura kusoshi masu girman M8 a ciki, kana juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, za ka ji ya yi ƙara ya saki.

Tsaya ka duba kafin ka ci gaba

Ba kowane faifai ne ya cancanci fenti ba. A jikin hular ko a bakin faifan akwai rubutun MIN TH da lamba a gabansa, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi amfani da shi. Sau da yawa tsakanin sabo da wannan iyaka milimita 2 zuwa 3 ne kacal. Auna kaurin a tsakiyar fuskar, a wurare da dama, ba a baki ba inda tudu ke taruwa. Idan ya kai iyakar, ko ka ga tsagewa, ko zurfafan layuka da farce ke maƙalewa a ciki, ko tsatsa ta cinye haƙarƙarin da ke cikin ramukan iska har suna ɓarɓashi, to wannan faifai ya gama aikinsa. A canza shi, kuma a canza na dama da na hagu tare. Fenti a kan irin wannan ɓoye cuta ne kawai.

Mafi kyawun lokacin yin wannan aiki ma shi ne ranar da ka sayo sababbin fayafai, kafin a ɗaura su. Babu tsatsar da za ka yi fama da ita. Abin da za ka wanke kawai shi ne man da masana'anta ke shafa musu don kada su yi ja a cikin kwali, kuma dole a wanke shi sarai.

Goge tsatsa

A nan ne ake gane aikin da zai yi shekaru da wanda zai ɓare a damina ta farko. Saka takunkumi da tabarau. Fara da fesa ruwan wanke birki don ƙurar ta kwanta ta gangara a kan kwali. Kada ka hure ta da iskar kwamfaresa, kada ka hure da baki. Ƙurar birki ba ta da kyau ga huhu, kuma wasu tsofaffin takalma suna ɗauke da asbestos.

Bi hular da burushin waya, ka dage a kwanar da hular ta haɗu da faifan, domin nan ne ruwa ke kwanciya, nan ne kuma ɓawon ya fi kauri. Idan ɓawon ya yi tauri, ɗan ƙwanƙwasa shi da bakin tsohuwar sukundireba zai ɓalle falle-falle. Bi bakin faifan zagaye, ka cusa siririn burushi a ramukan iska ɗaya bayan ɗaya, ka juya faifan ka kaɗe abin da ya zube. Daga nan sanfefa mai lamba 120, sannan 220. Ba sai ƙarfen ya yi sheƙi ba. Abin da ake nema shi ne ya koma ruwan toka, ka shafa da safar hannu ka ji babu abin da ke motsi ko tashi. 'Yan ƙananan ramuka baƙaƙe da tsatsa ta bari ba matsala ba ne, muddin babu jan gari a cikinsu.

Juya faifan ka goge cikin hular inda take zama a kan hob har ƙarfe ya fito fes. Ka je wurin motar ka yi wa fuskar hob ɗin haka, har da zagayen kowace kusa. Ba za a yi wa waɗannan fenti ba, amma gogarsu na daga cikin manyan amfanin da za ka samu a wannan aiki.

Akwai magungunan da ke juya tsatsa ta zama baƙin rufi. Suna aiki a jikin mota, amma da yawansu ba a yi su don zafi ba. Idan ba a rubuta a jikinsu cewa suna jure zafin birki ba, ka bar su, ka dogara da burushi.

Yanzu wanki na ƙarshe. Fesa ruwan wanke birki, goge da farin tsumma, sake fesawa, sake gogewa da wuri mai tsabta, har tsumman ya daina ɗaukar baƙi. Kada ka yi amfani da fetur, kananzir, man dizal ko WD-40. Wasu na barin maiƙo, fetur kuma wuta ce a kusa. Wani gargaɗi da ba kowa ya sani ba: ruwan wanke birki mai sinadarin kulorin, idan ya haɗu da wutar walda ko ƙarfe mai tsananin zafi, yana fitar da iskar fosjin mai kisa. Kada a yi walda a kusa, kada a busar da faifan da harshen wuta. Ka bar shi minti goma zuwa goma sha biyar ya bushe da kansa, kuma daga nan kada ka ƙara taɓa wurin fenti da hannu tsirara, maiƙon yatsa ma yana hana fenti kamawa. Kada kuma ka bari ya kwana a haka, ƙarfen zubi da aka goge yakan fara ja cikin 'yan sa'o'i idan akwai danshi.

Rufe inda ba a so

A tsohon faifai iyakar a bayyane take: inda sheƙin da takalmi ya goge ya ƙare, nan ne layinka. A sabo kuwa, ɗora takalmin a kansa yadda zai zauna, ko ka gwada da tsohon faifan, ka yi alama.

Yanka salatif gajeru-gajeru, kamar tsawon yatsa, kana liƙawa ɗaya a kan gefen ɗaya kana bin da'irar ciki. Dogon salatif ba ya bin lanƙwasa, sai ya tattare ya bar kafa. Idan ka zagaye, cike sauran fuskar har ya ɗan zarce bakin waje, sannan ka kwantar da reza a gefen ƙarfen ka bi zagaye. Abin da ya zarce zai faɗi, layin ya fito tsaf. Danne gefen salatif ɗin da farce ko'ina, domin fenti na da wayon shiga ƙarƙashi. Yi wa fuskar baya haka, ka rufe cikin hular gaba ɗaya.

Don da'irar da wili ke dannewa, za ka ga sawunta a fuskar hular. Yanka kwali daidai girmanta ka liƙa, ko ka rufe da salatif ka yanke zagaye. Ramukan kusoshi za su shiga ƙarƙashin wannan rufi. Rubutun MIN TH kuma kada ka cika shi da fenti har ya ɓace, bakaniken da zai duba motar gaba yana buƙatarsa.

Feshi

Zaɓi lokacin da babu ruwa, babu ƙura, babu iska mai ƙarfi, kuma ba a tsakiyar rana ba. Zafin da ya fi dacewa shi ne tsakanin digiri 15 da 30. Idan ƙarfen ya sha rana ya yi zafi, fentin zai bushe kafin ya kwanta, ya fito da kaushi.

Girgiza gwangwanin minti ɗaya zuwa biyu bayan ka fara jin ƙarar ɗan ƙwallon da ke ciki. Gwada a kan kwali tukuna. Ɗora faifan a kan wani abu da zai ɗaga shi daga ƙasa don ka samu bakinsa. Riƙe gwangwanin nesa da ƙarfen kamar santimita 20 zuwa 30, ka fara dannawa kafin ka iso kan faifan, ka saki bayan ka wuce, hannunka bai tsaya wuri ɗaya ba.

Zubi na farko ya zama sama-sama, har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Zuciyarka za ta ce bai isa ba, ƙara. Kada ka ƙara. Jira minti goma, yi na biyu kamar na farko, sake jira minti goma, sannan na uku ya ɗan fi su jiƙa, shi zai ba da launi da santsi. Uku sun isa. Fenti mai kauri a kan ƙarfen da ke zafi yana hucewa kullum shi ya fi saurin tsagewa. A ramukan iska kuwa feshi ɗaya mai sauƙi ya wadatar. Ta nan faifan ke shan iska yana hucewa, ba a so a toshe su.

Gwangwanaye da yawa sun rubuta cewa a gama duk zubin cikin sa'a ɗaya, in an wuce haka sai an jira kwanaki kafin a ƙara, don kada na ƙasa ya tattare. Bi abin da naka ya ce. Idan fenti ya zubo ya yi hawaye, kada ka sa yatsa. Bari ya bushe, ka goge da sanfefa mai laushi, ka sake.

Cire salatif bayan kamar minti 20 zuwa 30, lokacin da fentin ya kama amma bai yi tauri ba, kana jan sa baya-baya a hankali. Duk inda fenti ya ɓata a fuskar gogayya, jiƙa tsumma da ruwan wanke birki ka goge wurin. A jiƙa tsumman ne, ba a fesa kai tsaye ba, domin ruwan zai narkar da sabon fentin da ka sha wahala a kansa. Ragowar gam ɗin salatif shi ma a goge shi sarai.

Ka bar faifan ya bushe aƙalla sa'o'i uku, in da hali ya kwana. Irin wannan fenti ba ya kai ƙarshen taurinsa sai ya ji zafi. Wasu kamfanoni suna cewa a gasa shi a kimanin digiri 93 na tsawon sa'a ɗaya. Idan za ka yi haka, kada ka yi a tandar da ake girki a cikinta, tururinsa guba ne. In babu wata tanda, zafin tuƙi zai ƙarasa aikin.

Mayarwa

Shafa ɗan giris mai jure zafi, irin na hana ƙarfe mannewa, a zagayen wuyan hob inda ramin tsakiyar faifan ke shiga, kaɗan ƙwarai, kada ya kai ga kusoshi ko ya yi yawan da zai fantsamu. Mayar da faifan bisa alamar da ka yi. Idan fayafanka masu layuka ne ko masu ramuka, duba ko an rubuta L da R, wato hagu da dama, domin wasu ba a musanya musu gefe. Ɗaura ƙarfen kalifa da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, saka takalman, mayar da kalifar, ka tabbata tiyon bai murɗe ba. Ka kula kada man birki ya ɗiga a kan hular, yana cin fenti nan take. Goge fuskokin gogayya karo na ƙarshe da tsumma mai tsabta.

Saka tayar, ɗaura notocin da hannu tukuna, sauke motar, sannan ka ɗaure su da sifana mai awo, kana tsallake-tsallake daga wannan zuwa na gabansa ta ɗaya gefen, ba a jere ba. Ƙananan motoci da yawa suna tsakanin Nm 90 zuwa 140 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, amma lambar motarka tana cikin littafinta, ita za ka bi.

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, zauna ka taka birki sau da yawa har ka ji ya yi tauri a ƙafarka. Mutane sun shiga bango saboda mantawa da wannan. Duba man birki a tankinsa. Sannan ka fita a hankali zuwa hanya marar cunkoso, ka gwada birkin a ƙaramin gudu. Idan komai lafiya, kai gudun kilomita 60, rage zuwa 10 da matsakaicin ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma ba ka cika taɓa birki ba don ya huce. Wannan yana daidaita takalmi da faifan, yana kuma gasa fentin. Ɗan wari a tafiyar farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan birkin ya yi laushi, ko motar na jan gefe guda, ko ka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, tsaya nan take, a duba.

Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake bin notocin taya da sifana mai awo.

Idan ba za ka iya cire faifan ba

Ana iya yi da faifan a jikin mota: cire taya kawai, ɗaura noti biyu don faifan ya tsaya, goge hular da bakin, lulluɓe kalifa da tiyo da na'urar ABS da jikin motar da takarda ko leda, yanka kwali mai rami daidai girman hular ka rufe fuskar gogayya da shi, ka nannaɗe kusoshi da salatif. A wannan hanya na fi son a fesa fentin a cikin murfi a shafa da ƙaramin burushi, domin feshi na yawo inda ba a aike shi ba. Sai dai ba za ka kai ga bayan faifan ba, ba za ka goge hob ba, aikin kuma ba zai daɗe kamar na wanda ya cire ba.

Kula da shi bayan nan

Makon farko kada ka sa masa maganin wanke wili mai ƙarfi ko ruwa mai matsi kai tsaye. Daga baya sabulun mota da ruwa sun isa, amma kada a watsa ruwan sanyi a kan faifan da ya dawo daga tafiya yana zafi. Bayan kowane wanki, ɗan zagaya da motar kana taka birki kaɗan-kaɗan don fuskar ta bushe. Duk lokacin da aka cire taya don canza takalmi ko juya tayoyi, leƙa hular. Inda ka ga fenti ya ɗan ɓalle, goge wurin da sanfefa, wanke, ka taɓa shi da burushi tun tsatsar ba ta shiga ƙarƙashin sauran ba.